Tsarin ƙasa na rage mace-mace a kan hanya: tambayoyin mutanen Maraɗi da amsoshinsu

Duk ranar da rediyo ta ba da labarin an yi taro a Yamai kan kiyaye haɗurran hanya, tambayoyin da ke tasowa a tasha, a fada wajen shan shayi, da rumfunan kasuwa kusan iri ɗaya ne. Ga su nan mun tattara, da amsa gwargwadon abin da ya tabbata.

Mene ne wannan tsari da ake ta faɗa? Ba dokar hanya ba ce da muka sani?

Dokar hanya dabam, tsari dabam. Doka ita ke cewa ka tsaya in wuta ta yi ja, kada ka tuƙa mota ba farmi, kada ka wuce gudu kaza a cikin gari. Nijar ta sabunta tata a shekarar 2014. Shi kuwa tsari alkawari ne da gwamnati ke ɗauka a rubuce: yau mutum kaza ke mutuwa a shekara, nan da shekara kaza muna so su ragu zuwa kaza, ga wanda zai yi kowane aiki, ga kuɗin da za a kashe, ga ranar da za a zauna a duba inda aka kwana. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, musamman adadi da kuɗi, to takarda ce kawai mai kyan bango.

Galibin ƙasashe sun ɗora nasu a kan ginshiƙai biyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa tun 2011: hukumar da ke jan ragama, hanyoyi, ababen hawa, halayen masu bin hanya, da ceton wanda haɗari ya riga ya rutsa da shi.

Wa ke da alhakin wannan aiki a Nijar?

Akwai hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba. Ƴan sanda ke tsaron titunan cikin gari, jandarmomi ke kan manyan hanyoyi, ƴan kwana-kwana ke kwasar waɗanda suka ji rauni, asusun gyaran hanyoyi na FER ke tara kuɗin faci, ma'aikatar magajin gari kuma ita ke da tashoshi, fitilun titi da wuraren da aka yarda a kasa kaya. Ga sandikar direbobi da ta ƴan kabu-kabu a gefe guda. Amfanin tsari shi ne ya ɗaure duk waɗannan da igiya ɗaya, don an san halin aikin da ke hannun mutane da yawa: kowa ya ce na wancan ne.

Daga ina maganar "a rage rabi kafin 2030" ta fito?

Daga Majalisar Ɗinkin Duniya. An fara ware shekaru goma, 2011 zuwa 2020, ba a cimma buri ba. A watan Fabrairun 2020 ministoci suka haɗu a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, daga baya cikin shekarar babban zauren Majalisar ya ware 2021 zuwa 2030 da burin rage mace-mace da raunuka da aƙalla rabi. An sake zama a Marakesh ta Maroko a Fabrairun 2025 don duba inda aka kai. Tarayyar Afirka ma tana da tata yarjejeniyar tun 2016, kuma Lahadi ta uku a watan Nuwamba ita ce ranar tunawa da waɗanda hanya ta ci.

Shin abin ya kai a tayar da hankali haka? Ai zazzaɓin cizon sauro ya fi kisa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a shekarar 2021, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma ke jin rauni duk shekara. Ga masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe su a duniya. Afirka ce kan gaba: kusan mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali motocin da ke nahiyar ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke da masu babur.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A ƙa'idar duniya, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan haɗari ana lissafa shi cikin waɗanda hanya ta kashe. Mu kuwa ya abin yake? Babur ya kaɗe dattijo a wani ƙauye tsakanin Cadawa da Mayahi, ƴan'uwa suka ɗauke shi zuwa gida, bayan kwana huɗu rai ya yi halinsa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa kamar yadda addini ya tanada. Jandarma bai gani ba, likita bai rubuta ba. A littafin hukuma wannan mutumin bai mutu ba. Shi ya sa kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙasashen Afirka da dama yake ninka abin da ƴan sanda ke bayarwa. Ƙasar da ba ta san adadin mamatanta ba, rabin me za ta rage? Aikin farko na kowane tsarin kirki shi ne haɗa littafin jandarma da na asibiti da na ƴan kwana-kwana, a kuma rubuta daidai wurin da kowane haɗari ya faru.

Ai haɗari ƙaddara ce. Tsari zai hana abin da Allah ya rubuta?

Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu kullum suna kawo labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Birki mai kamawa, taya mai lafiya da hular kwano su ne dabaibayin raƙumin wannan zamani. Wanda ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu a Kasuwar Kadro, ya kuma ɗauki mai gadi, bai kamata ya ɗora mata da ƴaƴa uku a babur marar fitila ya ce ya dogara ga Allah ba.

Abin lura kuma, kalmar "ƙaddara" ta fi fitowa da sauri daga bakin wanda ya yi gangancin. Iyalan mamaci su yafe, wannan alheri ne, ladansu na wurin Allah. Hukuma kuwa ba ta da hurumin yafe ramin da ke tsakiyar kwalta.

In direbobi ne ke ganganci, me ya kawo maganar gyaran hanya da tsarin gari?

Don ɗan Adam ajizi ne. Direba mafi natsuwa wata rana zai yi gyangyaɗi, yaro zai bi ƙwallo ya faɗa titi, akuya za ta gitta. Suwidin ce ta fara gina tsarinta a kan wannan tunani a 1997: kuskure ba makawa za a yi shi, aikin hukuma shi ne kada kuskure ya zama ajali. Mu ɗauki hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni da Gidan Rumji, ta wuce Agye, Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram. Tana ratsa tsakiyar garuruwa, kuma ranar kasuwar kowane gari kwaltar kanta ke zama kasuwa: mai rake a nan, amalanken shanu a can, tirela na neman wucewa. Ko mala'ika ne a bakin sitiyari akwai ranar da za a yi kuka. Maganin wannan na injiniya ne da magajin gari: a matsar da rumfuna baya, a yi wa masu tafiya a ƙasa gefensu, a sa tudun rage gudu tun kafin shiga gari, a ware wurin da manyan motoci za su tsaya ba a kan hanya ba.

Game da tudun rage gudu akwai magana. Wanda mutanen unguwa ke tarawa da ƙasa da duwatsu bayan an kaɗe musu yaro, ba fenti ba allo, shi ma yana kayar da mai babur da dare. Fushinsu na da dalili, amma aikin na masu aunawa ne.

Ƙarin gudu kaɗan har wani bambanci yake kawowa?

Babba ma. In kana gudun kilomita 50 a awa, cikin daƙiƙa ɗaya kana cin mita 14. In 100 kake yi, mita 28. Wato tsakanin ganin jaki a gabanka da kai ƙafa kan birki ka riga ka cinye wannan tazara. Bayan ka taka kuma, nisan da mota ke ja kafin ta tsaya ba ninki biyu yake yi ba in gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. Mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 65 ya fi wanda aka buge a gudun 50 kusantar mutuwa har sau huɗu da rabi.

Yanzu a yi lissafin ribar. Daga Maraɗi zuwa Tasawa kusan kilomita 120 ne. Mai gudun 90 zai kai cikin awa ɗaya da minti 20. Mai gudun 110 zai riga shi da kwata ɗaya kacal, lokacin da ko shayi bai isa ya nuna ba, amma ya ninka wa fasinjojinsa haɗarin mutuwa fiye da sau biyu. A cikin gari iyakar ita ce 50, kuma taron Istokholm ya ba da shawarar 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗa, kamar ƙofar makaranta da bakin babbar kasuwa ran Litinin da Jumma'a.

Ashe sabuwar kwalta ba ta rage haɗari?

Tana rage na faɗawa rami da fashewar taya. Amma wanda ya ga titunan da aka shimfiɗa lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015 ya san me ya biyo baya: hanya ta yi santsi, hannun samari ya ƙara nauyi a kan totur. Kwalta mai kyau da ba ta da fitila, ba wurin tsallakawa, ba abin da ke tilasta rage gudu, tana iya fin tsohuwa kisa. Shi ya sa ake so a duba zanen kowace hanya ta fuskar kare rai tun kafin a zuba tsakuwar farko.

Ba gara a hana kabu-kabu gaba ɗaya ba?

Sai a fara faɗa mana da me mai ciki za ta je awo daga Zariya ko Ali Ɗan Tsoho, da me ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zai kama darasin safe, kuma me dubban matasan da ke ci da iyayensu daga wannan sana'a za su koma yi. Hani ba tare da madadi ba yakan mayar da sana'a ta ɓoye ne kawai. Abin da ya fi kama hankali shi ne rajista, riga mai lamba, koyon dokar hanya ko da na ƴan kwanaki ne cikin Hausa, fasinja ɗaya, da hular kwano. Da yawa daga cikinsu a fili suka koyi babur da yamma, washegari suka fara ɗaukar mutane. Adaidaita ma haka.

Kaske a zafin Maraɗi? Kuma wa zai sa hular da wani ya cire?

Zafi gaskiya ne, a watan Afrilu ba mai musu. To amma ƙashi in ya karye ana ɗora shi, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da mai ɗori. Hular kwano mai inganci, in an ɗaure igiyarta a haɓa, tana rage yiwuwar mutuwa fiye da sau shida, tana rage raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Wadda aka rataya a madubi ko aka ɗora a ka ba ɗauri don tsoron ɗan sanda, ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. Hular magina ta roba ma ba ta cikin lissafi. A nan akwai aikin gwamnati da ba a cika faɗa ba: ta hana shigo da na bogi, ta sauƙaƙa kuɗin duwan a kan na gari don talaka ya iya saye.

Masu ƙyamar hular haya, wanda ke hawan kabu-kabu kullum ya nemi tasa. Mata kuma a tattare hijabi da bakin zane kafin babur ya tashi, don kaca da wayoyin taya in suka kama tufa ba sa saki.

Me za a yi da lodin da ya wuce ƙa'ida?

Maraɗi garin fatauci ne. Kaya na shigowa ta Ɗan Isa daga Jibiya da Katsina, wake da dabbobi na fita, ranar kasuwa kuma za ka ga mota ta sha buhuna har sama, mutane sun ɗare bisa. Irin wannan mota birkinta bai iya riƙe ta, a kwana kuma nan da nan take kifewa, ga shi tana farfasa kwaltar da kowa zai bi. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa ta kafa ƙa'ida mai lamba 14 tun 2005 kan nauyin da babbar mota za ta ɗauka, sai dai aiki da ita ya daɗe yana tafiyar hawainiya a duk yankin. Mai mota na cewa in bai ƙara lodi ba ba zai fitar da kuɗin gazuwal da na hanya ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Don haka sikeli kaɗai ba zai gyara ba sai an taɓa farashin dako da kuma yawan tsayawar da ake yi wa direba. Wasu na sa rai layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284 wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai ɗauke wa hanya wani nauyi in ya kammala.

Tafiyar dare fa?

In da hali a bar ta. Amalanke ba shi da fitila, garken shanu ba shi da fitila, motar da ta lalace a tsakiyar hanya kuma ganye ake zuba mata a baya maimakon alama mai ƙyalli. Da hunturu hazo ya ƙara nasa, da damina korama ta yanke hanya. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, direba ɗaya bai kamata ya kai ya juyo ba barci ba. Tiramol da wasu ke sha don su jure ba ya kore gajiya, ɓoye ta yake yi har lokacin da za ta kayar da mutum gaba ɗaya. Waya a kunne kuma tana ninka yiwuwar haɗari kusan sau huɗu. Fasinja na da bakin magana a nan. Wanda ya ce wa direba ya rage gudu sau da yawa sauran fasinjoji ne ke fara yi masa ca, wai yana ɓata musu lokaci.

Tara ba hanyar tatsar talaka ba ce kawai?

Tana zama haka in ana karɓar ta ba takarda, ko in mai babbar riga ya wuce an sara masa, mai tsohon babur kuma aka kama. Abin da aka gani a ƙasashen da suka ci nasara shi ne, girman tara bai kai tabbacin kamu tasiri ba. In mutum ya san duk ranar da ya fito ba kaske za a tsayar da shi, ko ɗan wane ne, zai saya. In kuwa sai mako guda a shekara ake kame, sauran kwanaki a sasanta da na goro, to ya koyi ajiye canji ne kawai a aljihun gaba. Rakiyar amarya ma na cikin wannan: jerin babura ana wasa da rai a tsakiyar gari, kowa na kallo don biki ne.

Na iske haɗari a hanya. Me zan yi?

Fara da kare wurin, a sa wani ya tsayar da motocin da ke tahowa tun daga nesa don kada a samu na biyu. Kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko ƴan sanda a 17, ka faɗi wurin dalla-dalla da yawan mutanen. In jini na zuba, danna wurin da tsumma mai tsabta ka riƙe. Kada a ɗaga wanda ke kukan wuya ko baya a naɗe shi cikin adaidaita, don ana iya ƙarasa lakar da ta tsagu ya shanye har abada. In dole ne a matsar da shi, mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kai. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. A bar ɗaukar hoto, akwai uwar da za ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo mata da gaisuwa.

In tankar mai ce ta faɗi, gudu ne naka. A watan Mayun 2019 wata ta fashe kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum fiye da 50 suka ƙone, yawancinsu sun je ɗibar mai ne. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, waɗanda suka rasu ta wannan hanya sun haura 150.

Asibiti ko mai ɗori? Kuma wa zai biya?

Asibiti tukuna. Jinin da ke zuba a cikin ciki ko cikin kai ba a ganin sa da ido, mutum na iya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau, da dare ya tafi. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa in aka ɗaure ta da kara da tsumma tana iya ruɓewa har a yanke ƙafa. Maraɗi na da babban asibitin jiha da kuma Asibitin Referans, matsalar ita ce nisan da ke tsakaninsu da mai rauni a hanyar Dakoro.

Biya kuwa aikin asiransi ne, wadda doka ta wajabta a kan abin hawa mai inji don ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Mutane da yawa na yankar ta ne don a nuna wa jandarma, ba su san tana da wani amfani ba. Amma kamfani ba ya biya sai da takardar konsta, wato rahoton da ƴan sanda ko jandarma ke rubutawa a wurin haɗari. In aka janye motoci aka sasanta a bakin hanya da "Allah ya kiyaye gaba", an rufe wa marayu ƙofar haƙƙinsu.

Ta yaya mu da ke nan za mu gane ko tsarin na aiki?

Kada a auna da yawan taro ko allunan faɗakarwa. Tsaya a shatale-tale ɗaya da safe ka ƙirga masu babur ɗari, nawa ke da kaske a ɗaure, bayan wata shida ka sake ƙirgawa. Duba ko kwanar da kowa ya san tana cin mutane an taɓa ta. Tambayi ma'aikatar magajin gari nawa aka ware a kasafin bana don fitilu da wurin tsallakawar ƴan makaranta. Tambayi minti nawa motar ƴan kwana-kwana ke yi kafin ta iso Tsibiri ko Madarumfa. Sannan a nemi hukuma ta riƙa fitar da adadin mamatan jihar Maraɗi duk shekara, gunduma-gunduma, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo yadda ake karanta farashin hatsi.